Yadda Ake Tsara Sha'anin Ma'aikata a Kasuwancin Iyali

Yawancin shagunan Maraɗi, daga masu sarin shinkafa da sukari a babbar kasuwa zuwa masu matsar man gyaɗa, ƙannen maigida da ƴaƴan ƴan'uwansa ne ke tafiyar da su, kuma babu abin da ke tsakaninsu sai amana. Rigima takan taso ne ranar rabon gado, ko ranar da yaron shago ya nemi sallama bayan shekaru, kowa ya kawo nasa lissafin.

A fara da rajista guda, a rubuta sunan duk mai aiki, ranar da ya fara, aikin da aka damƙa masa da abin da ake biyansa, har da ɗan da maigida ya haifa. Nan ne ake jin nauyi, domin wani zai ce an mai da shi bare, saboda haka ya kamata maigida ya tara su gaba ɗaya, gaban wani dattijon gida, ya bayyana cewa rubutun kariya ce ga haƙƙinsu. In akwai alkawarin ba yaro jari, a rubuta adadinsa da lokacinsa, shaidu biyu su sa hannu.

Daga nan a raba aljihun gida da na shago. Kuɗin cefane da gudummawar biki su fito daga rabon maigida, kuma duk wanda ya ɗibi wani abu daga akwatin ciniki, ko da jika ɗaya ce, a rubuta ta bashi kan albashinsa. Abinci da wurin kwana alheri ne, amma kada a bar su su maye gurbin albashi sananne da ake biya a rana sananniya.

Sai kuma abin da hukuma ta tanada. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ƙayyade awa 40 na aiki a mako, mafi ƙarancin albashi kuwa ya koma jika 42 a wata tun farkon 2024. Wajibi ne a yi wa ma'aikaci rajista a CNSS, wato asusun ƙasa mai kula da fansho da tallafin ma'aikata, inda maigida da ma'aikaci kowa ke zuba kasonsa domin fansho, maigida kuma shi kaɗai yake biyan na haɗarin aiki da tallafin iyali. Kafin a sallami kowa, ko da ƙane ne, a rubuta masa gargaɗi, sannan a nemi shawarar ofishin sufeton ƙwadago na jihar kan wa'adi da kuɗin sallamar da doka ta ba shi.