Yadda mai garkar albasa zai ƙiyasta cinikinsa idan ruwan rani ya ja baya

A yankin Tawa na ƙasar Nijar, daga Galmi zuwa Madawa da Birnin Ƙonni, manoma da yawa suna lissafin buhunan albasar da za su sayar ne da faɗin filin da suka dasa, alhali kuwa ruwan rijiya ne ke yanke hukunci. Saboda haka daga bakin rijiya ya kamata lissafi ya tashi.

Da farko a nemi igiya, a ɗaura mata ƙulli a kowace rabin mita, a ɗaure dutse a bakinta. Sau ɗaya a mako, da sassafe kafin a tada inji, a zura ta a ga inda ruwa ya tsaya, a sake aunawa bayan an gama ban ruwa, sannan a lura da tsawon lokacin da rijiyar take ɗauka kafin ta maido ruwanta. Wannan awo na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci, domin rijiyar da take cika cikin awa biyu a Disamba amma take neman yini guda a Fabrairu ta riga ta sanar da mai ita abin da zai tarar a Maris. Wanda ke noma a gandarin Ƙonni kuwa, sai ya tambayi shugabannin ƙungiyarsu da ma'aikatan ONAHA, wato hukumar kula da gandayen noman rani ta ƙasa, halin da madatsun Mozage da Zango suke ciki, da yawan zagayen ruwan da za a iya bayarwa.

Daga nan sai a juya ƙarancin ruwan zuwa buhuna. A ƙididdigar FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, albasa tana buƙatar ruwa milimita 350 zuwa 550 a noma guda, kuma amfaninta yana raguwa fiye da yadda ruwan ya ragu da ɗan kaɗan: idan ruwa ya gaza da kashi 20 cikin 100, amfani zai faɗi da wajen kashi 22. Wanda ya saba samun buhu 100, to ya rubuta 78. Saiwar albasa ba ta nitso sosai, kuma ƙishi ya fi yi mata illa lokacin da take ƙulla kai, wajen kwana 60 bayan dashe. A ganina, gara a haƙura da wasu fangaloli tun da wuri a ƙosar da sauran, da a raba ruwa kowa ya ɗanɗana, a tashi da ƙananan kawuna waɗanda dillali zai taya da wulaƙanci.

Sannan a raba buhunan gida biyu, na sayarwa nan take don biyan bashin mai da taki, da na zubawa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Farashi yakan faɗi a Maris da Afrilu lokacin da kowa ya kwashe, ya kuma tashi bayan damina, amma dole a cire abin da ruɓa da bushewa za su ci a ajiya.

Kafin a sa farashi a lissafin, a bincika ko matsalar ruwan ta game kwarin Maggiya da na Tarka ne, ko kuwa rijiyar mutum ce kaɗai ta ƙafe, domin a hali na biyu masu lodi zuwa Gana da Kodebuwa ba za su ƙara ko dala ba. A rubuta ƙiyasi uku, mai kyau da matsakaici da mummuna, a riƙa gyara su duk mako biyu da sabon awon igiya, kuma kada a karɓi kuɗin kafin alƙalami daga ɗan kasuwa sai a kan adadin buhunan da ke cikin mummunan.