Yadda ake haura lok da siririn jirgi a Ingila lokacin kaka

A matsattsun hanyoyin ruwa da aka haƙa wa jirage a Ingila, kamar ta Oksfod, faɗin jirgin haya bai wuce ƙafa 6 da inci 10 ba. Lok kuwa ɗaki ne mai ƙofa gaba da baya, ana cika shi da ruwa sai jirgi ya tashi sama.

1. Tsaya kafin ƙofar, ka sauke abokin tafiyarka da ƙarfen murɗawa a hannu. Daga Oktoba jiƙaƙƙen ganye kan rufe bakin ruwa, santsi kamar miyar kuɓewa. Ban da gudu.

2. In lok ɗin cike yake kuma wani jirgi na saukowa, a bar shi ya fara wucewa. In babu, abokin naka ya sa ƙarfen ya murɗa makullan ƙofar ƙasa, wato murafen da ke tare ruwa, ruwan ya fita.

3. Shiga a hankali. Ya rufe ƙofar, ya sauke makullanta.

4. Nan ake yawan kuskure: makullan sama kaɗan-kaɗan ake buɗewa. In aka wangale su lokaci guda, ruwa zai fizgi jirgin ya maka shi da ƙofa, kofunan shayi su tarwatse a ciki.

5. Ƙofa ba ta buɗuwa sai ruwa ya daidaita. Abokin naka ya jingina bayansa da dogon katakon da ke jikin ƙofar ya tura.

6. Fita, a rufe komai. In jirgin ya yi nauyi, ganye ne ya naɗe farfela: ba da baya da ƙarfi na ɗan lokaci, zai watse.