Yadda Ake Koya wa Yara Tarihin Kanar Morland a Makarantar Ƙauye

'Yan'uwa malamai, idan darasin zuwan Turawa ya zo, kada ku fara da allo. Ni a nan ƙasar Bebeji nake koyarwa, kuma na ga yara sun fi riƙe labarin idan suka taka ƙasar da abin ya faru.

Ku fara neman izinin mai gari, ya haɗa ku da dattijon da ya san inda ganuwa ta bi. Ku tafi masa da goro. Idan ya fara magana kada ku katse shi, ko da ya haɗa zamanin wani sarki da na wani. Gyaran shekaru aikinku ne bayan an koma aji. Ku sa yaro mai kyawun rubutu ya riƙe littafi.

A bakin ganuwar ne za ku ambaci sunan mutumin. Thomas Morland a Kanada aka haife shi a 1865, ya shiga sojan Ingila, ya yaƙi Yola a 1901. Gwamna Lugga ne ya tura shi Kano, da hujjar cewa Sarkin Kano Alu ya karɓi Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902. Ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji sama da 700. A nan ku tsaya ku tambayi yaran: su waye sojojin? Kullum amsarsu "Turawa". Sai ku gaya musu hafsoshin ne Turawa, masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Ajin kan yi tsit, kuma ina ganin wannan shi ne wurin da ya fi cancanta a ɓata lokaci.

Da rundunar Morland ta iso, Bebeji ta rufe ƙofa ta ƙi miƙa wuya. Harsashin igwa ya fasa ƙofar, ya kashe sarkin garin da wasu manyansa. Ku sa yaro ya auna kaurin abin da ya rage na ganuwa da taku, sannan ku bayyana masa bambancin kibiya da igwa, ya gane ba tsoro ne ya ci kakanninsa ba.

Daga nan ku zana hanyar a ƙasa da kara: Zariya, Bebeji, Kano. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 birnin ya faɗi, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato, Sarkin Shanu ya mutu yana kare fada. Waziri Ahmadu ya kwanta dama a Kwatarkwashi, aka naɗa Abbas sarkin Kano, shi kuwa Alu a Lakwaja ya rasu a 1926.

Sauran rayuwar Morland ba ta buƙatar dogon bayani. Ya zama janar, ya jagoranci runduna a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya mutu a 1925.

Aikin gida kuwa, kowane yaro ya tambayi kakarsa inda danginsu suka gudu a shekarar. Ku tattara amsoshin a littafi guda, ku rubuta sunan unguwa da ranar da aka ji, ku ba shugaban makaranta ya ajiye wa ajin baɗi.