Kafin Mai Injin Feshi Ya Iso: Kurakuran da Ake Yi Wajen Wanke Intalok

Da hunturu ya ja baya a ƙarshen Fabrairu, gidaje a Gesse da Badariya cikin Birnin Kebbi sukan kira masu injin feshin ruwa, irin na wurin wankin mota, su wanke musu intalok, wato duwatsun siminti da ake jerawa a tsakar gida, da daɓen siminti. Sau da yawa aikin yakan ɓaci tun ba a tada injin ba.

Ruwa ne kan gaba. Injin feshi mai aiki da fetur yana shan ruwa lita 10 zuwa 15 a minti guda, wato jarka mai lita 25 ba ta minti uku. Tankin lita 1,000 da ƙyar ya yi awa ɗaya da rabi. Sai ka ga an ci rabin aiki ana cigiyar 'yan ga-ruwa, laka tana bushewa inda aka tsaya. A cika tanki tun da dare in an kawo wuta. In ruwan rijiya ne a bari ya kwanta, domin yashi yana kashe famfon injin.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne yashin tsakanin duwatsun intalok. Mutane suna ɗaukarsa datti ne, alhali shi ke riƙe da duwatsun. Bara na tsaya ina yaba wa yaron da ke aikin, yana bin layi-layi yana ƙwaƙule shi tas. Bayan sati biyu, duk sanda mota ta shigo sai in ji ƙwas-ƙwas ƙarƙashin taya. Damina na sauka, gefen get ya lotsa. Gyaransa bai kai ya kawo ba: a tanadi yashi mai laushi, busasshe, kafin ranar wanki. In wuri ya bushe a zuba, a bi da tsintsiya har ramukan su cika. A kuma ce wa mai injin ya karkata bakin feshin, kada ya soka shi cikin layin.

Baƙin mai da ya ɗiga daga mota ko janareta ba ya jin ruwa zalla, sai ma ya bazu. A barbaɗa masa toka ko garin katako ya kwana, a share, a goga omo da buroshi. Ganyen dogonyaro da kashin awaki kuwa aikin tsintsiya ne. In an bar su, su za su toshe kwata.

Kwatar ma a duba ta. Ruwan nan dole ya fita, kuma in ya kwanta a gindin katangar ƙasa ta maƙwabci, maganar sai ta kai gaban mai unguwa.

Duk inda daɓe ya tsage a nuna wa mai aiki, ko a liƙe kwanaki kafin nan, domin feshi yana faɗaɗa tsaga. Soket ɗin waje da na famfon burtsatse a kashe su, a ɗaure da leda. A kawar da mota, tukwanen fulawa da buhunan hatsi, yara da kaji su shige ciki. Tsakuwa tana tashi da ƙarfin da zai fasa gilashi.

A zafin Afrilu, da ma'auni ke haura 40, sabulu yakan bushe kafin a ɗauraye, ya bar dabbare-dabbare. A ce wa mai injin ya zo da sanyin safiya, bayan asuba.