Darasi na 7: Rage Kuɗin Wuta da na Girki a Gida

A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, tayar da janareta ya zama sai mai hali. A watan Afrilu na 2024 kuma hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ƙara wa masu rukunin Band A (waɗanda aka ware wa wuta aƙalla awa 20 a rana) kuɗin wuta, yunit ɗaya ya kai naira 225. Don haka ya kamata mai gida da uwargida su san me ke cinye musu yunit.

Ɗauki ƙwan fitilar ɗakinka ka duba jikinsa. Za ka ga lamba, da harafin W kusa da ita. Wannan shi ne wat, wato yawan wutar da abin ke ja. Abin da ke jan wat 1,000, in ya yi awa ɗaya a kunne, ya sha yunit ɗaya.

Mu yi lissafi tare. Tsohon ƙwai mai wat 60, wanda ke ƙona hannu in an taɓa shi, a kunna shi awa 5 kowane dare: a kwana 30 ya sha yunit 9, wato naira 2,025 a wancan farashin. Ƙwan LED mai wat 9 haskensu ɗaya, amma ko yunit ɗaya da rabi ba zai sha ba. Ƙwai ɗaya ke nan fa. To, ina ga gidan da ke da shida?

Manyan masu shan wuta su ne masu yin zafi: dutsen guga, hitar dafa ruwa da risho na lantarki. A tara kayan guga a yi su rana ɗaya. A daina barin hita tana ta tafasa alhali an tafi hira.

Lokacin bazara, a rufe taga a saki labule tun da hantsi, kafin rana ta shigo. In magariba ta yi a buɗe, iska ta ratsa. Ɗakin kwano in babu silin tanda ne, fanka ba abin da za ta kaɗa sai zafi. Darbejiya a yamma da ɗaki tana tare ranar la'asar.

Kada mu raina randa. Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa dabarar saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da danshin tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan yashin yana bushewa, cikin tukunya yana sanyi, tumatir da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. Dabarar ta sa ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000.

A wajen girki, jiƙa wake tun dare, kuma kada a bar tukunya ba murfi. Gas, gawayi ko icce, duk za su ƙara auki.

Gargaɗi: komai sanyin hunturu, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, kada a kunna janareta a ciki. Iskarsu tana kisa cikin barci.

Aikin gida

1. Rubuta kayan wutar gidanku da wat ɗin kowanne.
2. Fanka mai wat 75 ta yi awa 8 a kunne kullum. Yunit nawa ta sha a kwana 30?