Yadda za ku taimaki tsoho ko mai taɓin hankali jikinsa ya daina sandarewa

Wallahi a gidajenmu tausayi ne ke ƙarasa jikin tsoho da na mai ciwon sikizofireniya, wato wani nau'in taɓin hankali, da an ga hannu na rawa sai a karɓe kofin a ba shi a baki, a ɓalla masa maɓalli, a ɗauko masa buta, kafin a ankara jiki ya saba da zama. Alhali ƙwaƙwalwarsu tana koyon motsi, a hankali dai take ɗauka.

Toh ku fara duba magani tukuna. In yana shan magungunan taɓin hankali irin su haloperidol ko Largactil, ko ana masa allurar wata-wata, irin waɗannan suna toshe aikin dofamin, sinadarin da ke sa motsi ya tafi sumul, shi ya sa za ku ga wuya ya ƙage, yana jan ƙafa, hannuwa ba sa lilo in yana tafiya, yawu na dalala. Sai ka ji ana cewa mutanen ɓoye ne suka dawo. Kar ku tsayar da maganin da kanku, kar kuma a ruga kemis a sayo Artane, ƙwayar da ake bayarwa don sassauta sandarewar jiki, a ɗirka masa, musamman tsoho, yana iya rikita shi ya riƙe masa fitsari. Ku koma wurin likitan da ya rubuta, shi zai rage ko ya canza.

Sannan atisaye. Abu ɗaya tak za a ɗauka, misali tashi daga kujera, mai tsayi fa, banda 'yar tsugunno. Ya matso bakin kujerar, ƙafafu a ƙasa daram, ya ɗan sunkuyo gaba ya miƙe, ya koma ya zauna a hankali ba ya faɗa jagwab ba. Ku yi ya gani ya kwaikwaya, dogon bayani ruɗa shi yake, kuma a kashe rediyo, kar ana masa hira yana tafiya. Minti 10 kullum bayan la'asar ya fi awa guda ranar Juma'a kaɗai, don a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daɗa riƙe abin da aka koya da rana. Na yatsu kuwa tsince wake ko jan carbi ya wadatar.

In kuna son sanin ko ana ci gaba, ku auna mita 3, ya tashi ya je ya juyo ya zauna kuna duba agogon waya. In ya kai sakan 12 ko fiye akwai haɗarin faɗuwa, a nemi likitan fisiyo, wato likitan gashi da motsa gaɓoɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsofaffi su samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, tattaki zuwa masallaci ma yana ciki.

Da asuba kar ya zabura ya miƙe, Largactil na sa jiri, ya ɗan zauna bakin gado tukun. A ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe daga hanyar banɗaki, silifas ɗin da ya suɗe ma a canza masa.