Inda marubutanmu na Tawa suka fi tuntuɓe: lokaci da wuri

Matasan Tawa, a nan Nijar, kan kawo mini labaransu in duba, kuma akasarinsu sun iya zance. Inda suke faɗuwa shi ne yaushe abin ya faru, kuma a ina.

Yaro ya sha karatun littattafan Kano, sai ka ga jarumarsa ƴar Tawa tana ciniki da naira. Mu da jika da dala na kuɗin sefa muke lissafi. Wannan gyaransa sauƙi ne: a shiga kasuwa a buɗe kunne.

Akwai kuma mai gina labari a 1965, zamanin Diori Hamani, ya sa mota ta haye gada a Yamai. Gadar Kennedy, ta farko a birnin, sai 1970 aka buɗe ta, ta biyu kuwa sai 2011. Dattijon da ya ga zamanin, da ya zo wannan shafi zai ajiye littafin. Kafin ka rubuta shekarar da ba ka gani ba, je ka zauna gaban wanda ya gan ta.

Wanda ya fi damuna shi ne yanayi. Sai a ce "ana cikin azumi" a wuce, alhali azumi na matsowa da kwana 11 kowace shekara. Na 2010 a Agusta ya faɗo, tsakiyar damina, manomi na duƙe a gona da ƙishirwa. Na 2024 kuwa a Maris, bazara na kunno kai. Jikin jarumi ba zai ji su iri ɗaya ba, buɗa-bakinsu ma daban. Haka wanda ya cika dandalin ƙauyen Adar, ƙasarmu ta Tawa, da samari a watan Fabrairu, ya manta bayan girbi da yawansu sun tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan. Matar da ke jiran saƙon miji a wannan lokaci, ai ita kanta labari ce, kuma takaici nake ji idan marubuci ya wuce ta.

Sai tafiya. Tawa zuwa Yamai ta haura kilomita 500, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso. Wanda ya tashi bayan la'asar ba zai yi magariba a can ba.

Ni takarda guda nake ajewa gefe. Kowane babi in rubuta shekara, wata, abin da ke gona, da shekarun kowa, kada jaririn da aka raɗa wa suna a babi na biyu ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a na huɗu, hatsin bana ma ba a girbe ba.